GARDI-SARKI KO GARDIN ƘASA?

Laccar da aka yi wa wakilan rassa a Dawce, ƙasar Matamai. Magatakardan kowane reshe ya tara jama'arsa ya karanta musu ita tun daga farko har ƙarshe, a hankali, saboda waɗanda ba su yi lakwal ba.



Reshen Dawce ne ya nemi a yi wa jama'a bayani a kan rundunar nan mai bindiga wadda a takardun gwamnati a ke kira Garde Nationale du Niger, mu kuwa tun kaka da kakanni mu ke ce mata gardi-sarki. Tambaya uku aka aiko. Daga ina ta fito? Mene ne aikinta? Ta wa ce? Zan ɗauke su bi da bi. Ta ukun ita ce babba, amma ba ta amsuwa sai an bi ta kan biyun farko.

MASU KAKI IRI-IRI NE

Da fari sai mu rarrabe, gama talaka in ya hango kaki sai ya ce ga soja nan, alhali kuwa ba ɗaya su ke ba. Akwai soja, aikinsa yaƙi da abokin gaba. Akwai ɗan sanda, galibin aikinsa cikin manyan garuruwa, yana ƙarƙashin ministan cikin gida. Akwai jandarma, shi kuwa soja ne mai aikin ɗan sanda a karkara da bisa manyan hanyoyi, yana ƙarƙashin ministan tsaro. In an yi kisa ko fashi a ƙauye, yawanci shi ke zuwa ya bincika, ya rubuta, ya kai gaban shari'a. Akwai kuma masu tsaron fadar shugaban ƙasa, su ma rundunarsu dabam.

Sa'an nan ga gardi-sarki. Horonsa na soja ne, bindigarsa ta soja ce, amma ministan cikin gida ke ba shi umurni. Shi ku ke gani a ƙofar gwamna da ta sauran masu mulkin jihohi. Shi aka daɗe da danƙa wa tsaron gidajen kaso. Shi a ke turawa in tarzoma ta tashi, shi ne kuma aka ɗora wa sintiri a daji, wurin manoma da makiyaya. Watau dai cikin masu bindiga duka, babu wanda ya fi shi kusa da mai mulki, kuma kaɗan ne suka kai shi kusa da talaka. Don haka ne zancensa ya shafe mu.

Ku dubi sunan kansa. Kalmar Faransanci ce, garde-cercle, ma'anarta mai tsaron yankin da kumandan ke mulki. Bakin Bahaushe ya juya ta ta koma gardi-sarki. Kakanninmu ba su san Faransanci ba, amma sun san abin da idonsu ya gani: mutum ne mai tsaron wanda ke bisa gado. Sunan da suka raɗa ya fi na Bature faɗin gaskiya.

KAFIN NASARA

Kada wani ya ce muku kafin zuwan Nasara ba a san mai tilasta doka ba. Sa'ad da ƙasashen nan ke bin Damagaram, Sarki yana da dogarai, masu jajayen riguna, su ke kamu, su ke tsaron kurkuku, su ke zartar da hukunci. Sarki Tanimu, wanda ya rasu cikin 1884, ya tara bindigogi masu yawa, har igwa a ke ƙera masa a Damagaram. Ba zan yi muku ƙarya in ce dogari na talaka ne ba. Dogari na Sarki ne. Amma an san gidansu, yana jin bakinmu, kuma in ya wuce gona da iri akwai alƙali da malamai da dattawan gari waɗanda a kan ji nauyinsu.

Cikin 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuren Daga. Shekara ta kewayo, 1899, sai ga rundunar Voulet da Chanoine daga yamma. Suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, suka ƙone Birnin Ƙonni, suka bar gawawwaki a rijiyoyi da bisa itatuwa. Su biyun sojojinsu ne suka harbe su a ƙasar Tasawa, amma sauran rundunar ta ci gaba, ta ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini a ƙarshen Yuli na shekarar nan.

To, ga abin da na ke so ku riƙe. Turawan da ke cikin rundunar nan ba su kai goma ba. Sauran duk baƙar fata ne irinmu. Tun ran farko dabarar mulkin mallaka ke nan: a ba ɗan Afirka bindiga, a raba shi da garinsu, a sa shi ya danne ɗan'uwansa. Da yaƙi ya ƙare, dabarar ba ta ƙare ba, sai aka sake mata riga. Rigar ita ce ta gardi-sarki.

ZAMANIN KUMANDAN

Faransawa suka rarraba ƙasa yanki-yanki, kowane yanki da kumandansa. Damagaram ce hedkwatar ƙasar daga 1911 har 1926 da aka mai da ita Yamai. Bature ɗaya ko biyu ba su iya riƙe mutum dubu ɗari, saboda haka kowane kumandan aka ba shi 'yan gardi kaɗan, da jar hula da bindiga da bulala. Yawancinsu tsofaffin sojoji ne, kuma a kan kai mutum inda ba shi da dangi, don kada ya ji kunyar kowa. A arewa, ƙasar Buzaye da Tubawa, akwai takwarorinsu masu raƙuma, su a ke kira gumiye.

Mene ne aikinsu? Na ɗaya, lanho. In sarkin gari ya makara da kuɗin kai, gardi ke sauka a ƙofarsa, kuma ba ya tashi sai an cika. Na biyu, aikin tilas. Hanyar mota, ginin bariki, dakon kaya, duk gardi ke tattaro mutane, ko da kuwa tsakiyar damina ce gona na jiran noma. Na uku, kamun samari zuwa soja, balle a yaƙin 1914 da na 1939. Na huɗu, kaso. Akwai wata doka da su ke kira andijena, wadda ta ba kumandan iko ya ɗaure mutum har kwana 15 ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, a kan abin da bai taka kara ya karya ba, kamar jinkirin biyan lanho ko abin da kumandan ya ga raini ne. Bakin kumandan ke yankewa, hannun gardi ke aikatawa.

Albashinsa kuwa kaɗan ne, saboda haka inda ya sauka nan zai ci: kaza, hatsi, ciyawar doki, wani lokaci har abin da ba ya faɗuwa a gaban iyayenmu. Kumandan ya sani, ya kau da kai, gama tsoron da a ke ji wa gardi shi ne jarin mulkinsa. Hausawa na cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. A nan kam karin maganar bai faɗi daidai ba. Bafaden an gina shi ne don ya yi mugunta, wanda ya gina shi kuwa ya san abin da ya ke yi.

Ku mutanen bakin iyaka kun fi kowa sanin abin da ya biyo baya. Tsakanin 1906 da 1908 aka kafa turakun da suka raba mu da Daura da Katsina. Da lanho ya yi nauyi, ko aka ji ƙishin-ƙishin kamun soja, sai gida guda, wani lokaci unguwa guda, su ɗaure kaya da dare su ƙetare zuwa ƙasar Ingilishi. Can ma ba aljanna ba ce, akwai dogarai da 'yan doka na En'e, waɗanda Malam Aminu Kano da mutanensa suka sha wuya a hannunsu bayan 1950. Amma dubi abin takaici: mai bindigar da ya kamata ya tsare mutum a gidansa, shi ne ya kore shi daga gonar ubansa.

Abin mamaki, Faransawa sun san gaskiya sarai. Cikin 1789, sa'ad da suka tayar wa sarkinsu, sun rubuta a takardar haƙƙin ɗan Adam cewa ƙarfin hukuma don amfanin kowa a ke kafa shi, ba don amfanin waɗanda aka ba riƙonsa ba. Cikin 1791 suka sake wa rundunar sarki mai tsaron hanyoyi suna, ta koma jandarma ta ƙasa. Da za su zo mana, sai suka ɗauko bindigar suka bar takardar a gida.

Cikin 1946, bayan yaƙin duniya na biyu, aka soke dokar andijena. Ran 11 ga Afrilu na shekarar nan majalisar Faransa ta hana aikin tilas, bisa dokar da Houphouët-Boigny ya kawo. Bulalar gardi ta rage tsawo. Amma ku lura, ba a rushe rundunar ba, kuma ba a sake mata ubangida ba.

BAYAN MULKIN KAI

Da mulkin kai ya gabato aka sake mata suna, aka ce gardin yankin ƙasa. Aka kafa Jamhuriya ran 18 ga Disamba 1958, aka sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, rundunar ta zama Garde Républicaine, watau masu tsaron Jamhuriya. Kumandan Bature ya tafi, ɗan ƙasa ya hau kujerarsa, gardin da ke ƙofa kuwa yana nan inda ya ke. Tambayar da ta kamata a yi a lokacin ita ce: yanzu wa zai tsare, kuma daga wa? Ba a yi ta ba.

Maimakon haka sai ƙarfin hukuma ya faɗa cikin rigimar jam'iyyu. Bayan ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, wadda Sawaba ta Jibo Bakari ta ce a'a aka kayar da ita, sai aka hana jam'iyyar cikin 1959, ƙasa ta koma hannun jam'iyya ɗaya. Cikin 1964 'yan Sawaba suka shigo da makamai ta kan iyakoki. Gwamnatin Jori Hamani ta murƙushe su da soja da jandarma da gardi, ta haɗa da 'yan bangar jam'iyya da mutanen ƙauyuka. Aka harbe waɗansu a bainar jama'a a Yamai cikin Oktoba, aka cika gidajen kaso, da mai laifi da wanda maƙwabci ya yi wa sharri. Ban zo in raba gardamar wa ke da gaskiya tsakanin jam'iyyun nan biyu ba. Abin da ya shafi zancenmu shi ne, talaka ya ga mai kaki na gwamnatin 'yan ƙasa yana yin abin da na kumandan ya yi, sai ya ce ashe gardi-sarki dai gardi-sarki ne.

Kuma wanda ya jingina da bindiga bai tsira ba. Ran 15 ga Afrilu 1974, ana cikin yunwa, soja suka kifar da Jori, matarsa Aisa ta rasa ranta a daren. Aka sake juyin mulki cikin 1996, da 1999 sa'ad da masu tsaron Shugaba Ba'are Mainasara suka harbe shi, da 2010, da 2023. Waɗannan aikin soja ne da masu tsaron fada, ba na gardi-sarki ba, amma darasin ɗaya ne. Bindigar da ba ta bin doka ba ta da ubangida na har abada. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Ran 9 ga Fabrairu 1990 masu kaki suka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy a Yamai, aka kashe uku bisa lissafin gwamnati. Cikin Mayu na shekarar nan aka yi ta'asar Cintabaradan a kan Buzaye. Abubuwan nan biyu suna cikin manyan da aka tona a Babban Taron Ƙasa na 1991, inda karon farko aka tsayar da masu ɗamara a gaban jama'a aka ce su yi bayani.

Tawayen arewa ya biyo baya, har aka sa hannu a sulhu ran 24 ga Afrilu 1995. Cikin sharuɗɗan akwai ɗaukar waɗansu tsofaffin 'yan tawaye aikin tsaro, aka kafa musu rundunar tsaron Sahara. Cikin 1997 aka haɗa ta da Garde Républicaine, aka kira haɗin FNIS. Wannan abu ne mai kyau da ya kamata a faɗa: waɗanda jiya su ke harbin juna suka sa kaki ɗaya, suka ci tuwo a akushi ɗaya. Daga baya, zamanin riƙon ƙwarya na Salu Jibo wanda ya fara cikin 2010, aka sa mata sunan da ta ke da shi yanzu, Garde Nationale, watau gardin ƙasa.

Ku ƙidaya: suna biyar ke nan. A takarda ta tashi daga ta kumandan ta zama ta ƙasa. A bakin talaka kuwa har gobe gardi-sarki ce. Ba taurin kai ne ya hana talaka sake mata suna ba. Jira ya ke ya gani a ƙasa.

JININ DA SUKA ZUBAR

Yanzu kada wani ya tashi daga nan ya ce an ce gardi abokin gaba ne. Ban faɗa ba, kuma ba gaskiya ba ne. Gardin yau ba baƙo ba ne da aka kawo daga wata ƙasa. Ɗanku ne, ƙanenku ne, ɗan manomi ne wanda gona ta kasa ci da shi. Tun da Boko Haram suka far wa Bosso da Difa cikin Fabrairu 2015, da kuma masifar da ta kunno a Tilaberi da arewacin Tawa, rundunar nan tana cikin masu binne 'ya'yansu. Cikin Oktoba 2016 aka kai hari a Tazalit, jihar Tawa, inda masu kaki ke gadin 'yan gudun hijira na Mali. Aka kashe 22, kuma 14 daga cikinsu gardi ne. Ba ƙofar mai mulki su ke tsaro ba ran nan. Mata da yara ne waɗanda ba su da kowa. A wannan rana sunan gardin ƙasa ya dace da su, kuma wajibi ne mu faɗa da babbar murya kamar yadda mu ke faɗin laifi.

IN BABU SU FA?

Waɗansu samari, in sun ji tarihin nan, sai su ce to a bar mu mu tsare kanmu. 'Yan'uwa, wannan hanya an bi ta, an ga inda ta kai. Ran da hukuma ta yi nisa, kowa ya ɗauki makami bisa ga yarensa da sana'arsa. A Toda, ƙasar Maraɗi, cikin Oktoba 1991, rigimar gona da dabba ta sa aka hallaka Fulani sama da 100, galibi mata da yara. A Zamfara 'yan sa-kai sun tashi don maganin ɓarayin shanu, suka shiga kashe mutum a kasuwa don kamanninsa, wutar ta ƙara ruruwa, har cikin 2019 dubban mutane suka gudo ƙasar Maraɗi. A Banibangu cikin Nuwamba 2021 'yan sintirin gari suka fita da magajin garinsu neman 'yan ta'adda, aka kashe 69 a rana ɗaya.

Mu nan ƙasar Matamai mutane sun yi yawa, gona ta yi kaɗan, burtali na ƙara matsewa kowace shekara, ga iyaka a bayan gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muna bukatar mai bindiga wanda ba na manomi ba ne, ba na makiyayi ba, ba na Bahaushe ko Bafillace ko Buzu ba, wanda in ya iso kowa zai ce alhamdu lillahi. Saboda haka hatsari biyu ne a gabanmu: runduna ta mai mulki, da rashin runduna sam. Mafita ɗaya ce, rundunar ta zama ta ƙasa da gaske.

TA WA CE?

Ga amsar tambaya ta uku. Wa ya sayi bindigar? Wa ya ɗinka kakin? Wa ke biyan albashin? Ba daga aljihun minista su ke fitowa ba. Daga kuɗin da ku ke biya ne a rumfar kasuwa, da na duwan da ke bisa kowane ƙyalle da kowane buhun shinkafa, da harajin da ke ɓoye cikin kuɗin mai da na waya. Mai sayar da rake, da mai ƙuli-ƙuli, da dillalin awaki, kowa da hannunsa a ciki. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Rundunar taku ce, haya ku ka ba gwamnati ta riƙe muku.

Amma faɗa da baki ba ya mai da ita taku. Tarihin da na ba ku ya nuna sake suna ba ya sake hali. Abu huɗu ke sake shi.

Na ɗaya, doka ta hau bisa umurni. Mai mulki ya ba da umurni, amma alƙali ya iya tambayarsa dalili, kuma mai kakin da ya yi laifi a hukunta shi jama'a su ji.

Na biyu, a biya shi haƙƙinsa a kan kari, a kula da iyalin wanda ya mutu a bakin aiki. Gardi mai yunwa a bisa talaka zai ci, kamar na zamanin kumandan.

Na uku, a ɗauki ma'aikata daga kowace jiha da kowace kabila bisa cancanta, ba da takardar wani babba ba, ba da sayar da sa ko gona ba. Wanda ya sayi kaki da kuɗi, a kanku zai fanshe.

Na huɗu, kada a sa shi aikin jam'iyya, ko wace ce. Ina faɗin wannan a gabanku da gangan. Duk ƙungiyar da ta yi murna don an aika gardi ya watsa taron abokan hamayyarta, ta shirya, ranarta na zuwa.

AIKIN RASSA

To, me ya rage gare mu? Ga abin da a ke nema ga kowane reshe.

1. Ku koya wa jama'a bambancin masu kaki da ofishin da kowanne ke bi, don mai kuka ya san ƙofar da zai buga.

2. Ku sanar da kowa cewa a laifi na yau da kullum, tsarewar bincike sa'a 48 ce, watau kwana biyu, ba a ƙarawa sai da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Zamanin kwana 15 na kumandan ya wuce tun 1946. In an kama mutumin garinku, dattawa biyu su bi sawu ran nan, su tambaya cikin ladabi ina a ke tsare da shi, kuma a kan me.

3. Kowa ya nemi takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa, mata da maza. Rashin takarda shi ne ƙofar da a ke shigo wa talaka ta ciki a shingen hanya.

4. In an ce ku biya tara, ku nemi takardar shaidar biya. Kuɗin da ba shi da takarda ba ya isa baitulmali. Mu ma kuma mu dubi kanmu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Direba ko ɗan kasuwar da ke miƙa 'yan dala tun ba a tambaye shi ba, don ya wuce da kayan da ba su da takarda, shi ma yana cikin masu ɓata rundunar.

5. In an yi zalunci, magatakarda ya rubuta rana da wuri da abin da ya faru da shaidu biyu. Kada a ƙara gishiri, gama ƙarya ɗaya tana rushe gaskiya goma. A kai wa hukuma a rubuce, a ajiye kwafi. In kuwa wani mai kaki ya yi abin kirki, shi ma a rubuta a kai wa shugabansa.

6. Rigimar gona da dabba a kai ta wurin mai gari da sarki da kwamitin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta tanada, tun kafin a zare adda. A bar burtali da mashaya yadda aka shata su. Rigakafi ya fi magani.

7. Kada reshe ya kafa 'yan banga, kada ya ajiye makami, kada ya bari a yi da sunansa. In kun ga baƙin fuska da makamai, ko babura na yawo da dare a bakin iyaka, ku sanar da hukuma da sauri. Wannan ba tsegumi ba ne, tsaron gida ne.

8. Wanda ɗansa ko ƙanensa ke cikin kaki, in ya zo hutu a zaunar da shi a gaya masa: duk tsohon da ka tsayar a hanya uban wani ne, kamar yadda naka uban ke bin hanyar wani gari.

'Yan'uwa, kakanninmu sun ga jar hula sun shige rumbu. Iyayenmu sun ga an sauke tutar Faransa, amma gardi bai gusa daga ƙofar mai mulki ba. Mu abin da ya rage mana shi ne mu ƙarasa aikin da aka bari tun 1960. Ba za a yi shi da jifa ko zagi ba, kuma ba za a yi shi da durƙuso ba. Za a yi shi ne da sanin doka, da takarda, da tsayawa tare, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ran da mace za ta taso daga kasuwar Matamai da almuru, ta hango gardi a hanya, hankalinta ya kwanta maimakon gabanta ya faɗi, ran nan talaka da kansa zai sake masa suna, ba sai an buga doka a Yamai ba.

Mai tambaya ya ɗaga hannu ya faɗi reshensa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.